Rubutun da Ke Bayan Kibod

Da fushinta ta shigo shagon. Ko sallamar kirki ba ta ƙarasa ba ta dire wani abu naɗe cikin zani a kan teburin Nuraddeen, har ƙananan kusoshin da ya jera suka watse.

"Masu gyara uku na zagaya a Jega, kowa ya ce in yar da shi. In kai ma haka za ka ce, faɗi da wuri, in koma."

Nuraddeen ya ɗago daga kwamfutar da yake gyarawa. Shekara huɗu yana wannan shago a Aliero, ɗalibai ne yawancin masu kawo masa aiki, bai taɓa ganin mai shigowa da faɗa tun daga ƙofa ba. Ya kwance zanin. Tsohon kibod ne, mai nauyi, gidansa na ƙarfe, tsatsa ta ci gefe da gefe.

Nan take ransa ya ɓaci.

"Wa yaw wanke wanga abu da ruwa?"

"Ni ce. Da omo."

"Da omo! Ƙarfe ne fa, Malama, ba kwanon tuwo ba."

Ta zare masa ido. "Gyara na kawo, ba wa'azi na zo ji ba."

Sunanta Hamida, daga Jega Firchin. Kibod ɗin na mahaifinta ne, Malam Barau, wanda ya yi shekaru yana buga wa mutane wasiƙu da takardun makaranta a wani ɗan shago kusa da kasuwa. Bara ya rasu. Ta juya kibod ɗin ta nuna masa bayansa, inda aka rubuta da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin tawada: Hamida ta buga sunanta yau.

"Ina da shekara biyar ya rubuta. Ka goge duk abin da za ka goge, amma in ka taɓa wannan, ni da kai ne."

"Ba zan taɓa shi ba," in ji shi. Sai a lokacin ya dubi fuskarta sosai, ya ga idanunta sun cika da hawayen da ta hana zuba.

Washegari ya fara aiki. Ya ɗauki hoton kibod ɗin ciki da baya, ya cire madannai ɗaya bayan ɗaya ya zuba a roba, ya kwance gidan ƙarfen ya raba shi biyu. Shi ɗan Jiga Makera ne, a maƙerar kakansa ya tashi, ya san ƙarfe ba ya son gaggawa. Ya bi lungu-lungu da tsohon burushin haƙori, ya jiƙa auduga da ruwan kal mai tsami ya ɗora inda tsatsar ta kama, ya jira, ya goge, ya busar, ya sake. Ya tura mata hoto.

"Kin ga ɓarnar omonki. Amma zai tashi."

Ta amsa: "Ka yi aikinka ka daina gori."

"To, Sarauniyar Faɗa."

"Kada ka ƙara kirana da haka."

Ya ƙara, kullum. Aikin mako ɗaya ya koma wata guda, don Hamida kan hau mota daga Jega kowace Asabar wai ta zo duba kayanta. Ta zauna a benci tana kushe komai, daga ƙurar shagon har askinsa. Ran nan ta zo masa da soyayyen kifi a leda, ta ce ragowa ne. Ya ci yana dariya, ta harare shi, daga baya ita ma ta yi dariyar. Da ta koma gida ya rubuta mata:

"Hamidata, tun da kinka tafi shagon ga ya yi mini faɗi. Ki ba ni izini in turo manya."

Sai bayan awa biyu ta amsa: "Gama gyaran tukuna, Nuri."

Ranar wata Laraba abin ya faru. Yana goge maiƙon da ya daskare a bayan ƙarfen da sifirit, ya rufe rubutun da takarda, bai lura kwalbar na bakin tebur ba. Gwiwar hannunsa ta bige ta. Sifirit ya kwarara ƙarƙashin takardar, kafin ya ɗauke, tawadar ta narke ta bi auduga. Abin da ya saura kawai: Hamida ta.

Ya kasa kiranta. Asabar ta zo ya ce mata ya tafi Jiga gaida kakansa. Asabar ta biyu ya ce ba shi da lafiya.

Akwai Yasir, ɗan ƙanen mahaifiyarta, mai motocin ɗaukar albasa, wanda ya daɗe yana son Hamida tana kauce masa. Ya biyo shagon da sunan gyaran waya, idonsa ya faɗa kan ƙarfen a jingine. Ya ɗauki hoto a ɓoye. Kafin la'asar hoton na wayarta.

Hamida ta iso Aliero, ta faɗo shagon ba sallama.

"Fito da shi!"

Ya fito da shi. Ta duba, ta shafa wurin da yatsa, muryarta ta tashi har mai shagon kusa ya leƙo.

"Abu guda na roƙe ka! Guda! Ka goge hannun babana, sannan ka zauna mako biyu kana mini ƙarya. Ciwo! Kai ne mai ciwon?"

"Hamida, tsautsayi ne, wallahi..."

"Tsautsayi zan iya ɗauka. Ƙaryar fa? Ita ma kwalba ce taz zubo ta?"

Ta fita ba ta ɗauki komai ba, ta toshe lambarsa tun tana cikin mota.

A gida, Inna Kubura, mahaifiyarta, da ma ba ta son maganar. Ta ce, "Na gaya miki. Ɗan maƙera, ba mu san gidansu ba, ba mu san halinsu ba. Ga shi tun ba a je ko'ina ba ya nuna miki. Ga Yasir nan, ɗan'uwanki."

Yasir kuwa ya zo da maraice yana murmushi. "Mi kike ma kuka? Ki karɓo shi, in kai wa mai zanen alluna, ya rubuta miki irin nai sak. Ko sabo kike so, in sayo miki goma."

Hamida ta miƙe tsaye. "Mai zanen alluna ne ubana? Tashi ka ba ni wuri, Yasir. Kai murna kake yi, na gani a fuskarka."

Nuraddeen bai bar aikin ba. Ya ƙarasa goge ƙarfen, ya shafa masa mai don kada tsatsa ta dawo, ya rufe ragowar rubutun da fenti marar launi. Ya wanke madannai ya mayar da kowanne gurbinsa, ya samo 'yar na'urar da za ta haɗa tsohuwar wayar kibod ɗin da kwamfutar zamani. Ranar Juma'a bayan masallaci ya ɗauki kibod ɗin da kwamfutarsa ya nufi Jega Firchin.

Inna Kubura ta bari ya shigo zaure don kawai ta sallame shi. Hamida ta tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a harɗe. Ya durƙusa.

"Inna, na zo in faɗi laifina da bakina. Na ɓata amanar da anka ba ni, kuma tsoro ya sa na yi ƙarya." Ya juya ga Hamida. "Ina da hoton rubutun tun ranar farko. Mako biyun nan da na ɓoye miki, sau biyu ina ɗaukar maka in kwaikwayi hannun Malam. Na iya, da ba ki gane ba har abada. Amma zuciyata ta kasa. Ba zan sa ki riƙa shafa rubutuna kina ce da shi na babanki ba."

Hamida ta ce, "Sai ka zaɓi ka bar ni ina ta kiranka kamar mahaukaciya."

"Na yi kuskure. Ki yi fushi iya son ranki, kina da gaskiya."

Ya jona kibod ɗin ya tura mata. Ta zo ta zauna ta ɗora yatsunta. Ƙarar madannan ta cika zauren, kakkaura, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Inna Kubura ta dafe ƙirji. Shekara ashirin tana jin wannan ƙara duk ranar da ta kai wa mijinta abinci shago. Ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka.

Da ta natsu ta ce, "Yaro, wane ne kakanka a Jiga?"

Ba a ranar Hamida ta huce ba. Kwana tara ta ƙara kafin ta buɗe lambarsa. Saƙonta na farko shi ne:

"Har yanzu ina jin haushinka. Amma Inna ta ce ka tura manyanka Liba, wajen Baffa Ɗalha. Kada ka sa in jira, Nuri."

Baffa Ɗalha, wan mahaifinta, manomi ne a Liba ta ƙasar Maiyama. Ya aika aka bincika gidan su Nuraddeen, aka dawo masa da labari mai kyau. Yasir ya je ya yi ta kai suka, tsohon ya ce masa ita yarinyar ta riga ta faɗi wanda take so, maganar ta ƙare.

Bayan an kwashe amfanin gona aka ɗaura aure a ƙofar gidan Baffa Ɗalha. Mutanen Jiga Makera suka cika mota biyu, 'yan kasuwar Jega da suka san Malam Barau suka zo da yawa. Da za a tafi da amarya Aliero, Inna Kubura ta kama hannun ɗiyarta ta sa a na Nuraddeen.

"Ga ta nan. Tana da zafin zuciya, amma ba ta da mugunta. Kai kuma in ka yi laifi, ka faɗa tun rana ba ta faɗi ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

"Amin, Inna," in ji Nuraddeen.

Daga cikin mayafi Hamida ta matse hannunsa da ƙarfi, ta ce amin.