Tattaɓa-kunnen Wanda Ya Sayar da Kwari

A tashar bas ta ƙauyen Aldersby Callum ya fara ganinta, ruwa na zuba, tana rungume da buhun abincin tumaki. Daga birnin Leeds ya zo, don kawai ya ga garin da ke da suna irin nasa. Hira ta yi daɗi, amma da ya ce sunansa Callum Aldersby, sai murmushinta ya ɗauke.

"Ni Gemma," ta ce. "Sunan nan dai, kada ka faɗe shi a gaban Babana."

Sai da suka yi wata shida suna soyayya a ɓoye ta gaya masa dalili. Dangin Aldersby ne suka mallaki kwarin da ƙauyen yake ciki a da. Da suka sayar da shi aka kori kakanta daga gonar da aka haife shi a cikinta, lokacin mahaifinta, Mista Raistrick, yana da shekara tara.

Callum ya lallashe ta, ya ce suna ne kawai ya zo ɗaya, shi ubansa mai gyaran famfo ne. Don hankalinta ya kwanta ya je ya duba tsohon littafin cocin ƙauyen. A nan ya tarar ashe mutumin da ya sayar da kwarin kakan mahaifinsa ne.

Kwana uku abinci ya ƙi shiga, ya kasa ɗaga wayarta. Sai ga saƙonta: "Masoyi, shirunka na ba ni tsoro. In ka gaji da ni ne, ka faɗa min."

Ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa: "Ban gaji ba, Gem ɗina. Gobe zan zo wurin Baba. Ki tsaya kusa da ni."

Ya sami mahaifinta yana gyaran katangar dutse. Ya zayyana masa komai. Dattijon bai ɗago ba, ya daɗe yana jujjuya dutse a hannu, Gemma kuwa sai murza gefen rigarta take yi.

"Da ka yi shiru, da ba zan taɓa sani ba," in ji dattijon.

"Ai ni na sani, Baba."

"Miƙo min wancan dutsen."

Asabar goma sha ɗaya Callum ya yi yana miƙa duwatsu, tafukansa duk suka farfashe, kullum zuciyarsa a ɗar-ɗar, kafin dattijon ya ce ya shigo ciki ya sha shayi.

A watan Yuni aka ɗaura auren. Mista Raistrick ya kamo hannun 'yarsa ya ɗora a na Callum.

"Allah ya yi muku albarka. Ka riƙe min ita da kyau, ɗana."