Ranar da Gaggawa Ya Janye Kibod

"A wannan yaren na kwamfuta, komai abu ne," in ji Auta, tana rubutu a farin allo. "Lamba abu ce, kalma abu ce, kuma kowane abu da aikin da ya iya. Ku dai ku aika masa saƙo, idan ya san aikin..."

"Salamu alaikum. An ce nan ake karɓar 'yan koyo."

Alƙalamin ya suɓuce daga hannunta.

Muryar nan ko a tsakiyar kasuwa ta ji ta, za ta tsinto ta. Ta juyo a hankali. Yana tsaye bakin ƙofa, ya ƙara jiki, ya ajiye gemu, gilashinsa kuwa yana nan a karkace kamar da.

Gaggawa!

"Aji ya cika," ta faɗa.

"Malama, ga kujera can bakin taga babu kowa," wata ɗaliba ta yi karaf ta ce.

Allah ya shirya ɗalibai masu ido. Ya wuce ya zauna, ya harɗe hannuwa kamar salihin bawa, ita kuwa darasin da ta koyar sau ba adadi ya gudu daga kanta. Duk kujerun duniya, sai wannan ta bakin taga?

A nan suka fara haɗuwa, shekaru da suka wuce, lokacin fankar ɗakin tana kuka kamar tsohuwar keken ɗinki. Kwamfutoci sun yi wa ɗalibai kaɗan, sai tsohon Malaminsu ya haɗa su biyu-biyu, ya kafa doka: ɗaya ya riƙe kibod, wato madannan rubutu, yana dannawa, ɗaya ya zauna gefe yana nuna hanya, in an jima a yi musanya.

"Na gefe, bakinsa ne nasa," Malam yakan ce. "Hannu kuwa ba nasa ba ne. Ko gobara ta tashi a fuskar kwamfuta, da baki za ka kashe ta."

Ita aka haɗa da yaron da kafin Malam ya gama tambaya ya gama amsa. Shi ya sa 'yan aji suka laƙaba masa Gaggawa. Ita kuwa sai ta nemi harafi kamar mai neman allura a cikin yashi.

Ranar da aka fara bayanin yadda ake ƙera abubuwa daga tsari guda, kuka ne kawai ba ta yi ba.

"Ban gane komai ba wallahi."

"Me Babanki yake yi?" Gaggawa ya tambaye ta.

"Tela ne."

"Shi ke nan! Samfurin takardar da yake ɗorawa kan yadi ya yanka, ana sa shi a jiki?"

"Wa zai sa takarda?"

"To shi ne tsarin. Kowace riga da aka yanka da shi, ita ce abin. Samfuri ɗaya, riguna ɗari, kowace da launinta da mai ita."

Ta zuba masa ido. Sai ga abin ya buɗe mata tar, dariya ta kufce mata har Malam ya juyo. Daga ranar ta fara son yaren. Shi ma mai bayanin, a gaskiya, daga ranar ne.

Soyayyarsu a kan kibod ta girma. Shi ya ce "rufe layin nan, Autata", ita ta ce "kwantar da hankalinka, sauri ya haifi nawa". Kwamfuta ta yi zafi ta mutu, su zauna suna fifita ta da kwali suna hira. Ba ta taɓa jin daɗin wani zama a duniya kamar wannan ba.

Amma akwai wata a ajin, 'Yar Kwalisa, wadda tun ranar farko ta so a haɗa ta da shi. Ba ta yi faɗa ba, ta fi haka wayo. Yadi ta saya ta kai shagon Baban Auta, ana gwada ta tana sakin zance.

"Ai Baba, Auta ta yi sa'a. Zama kawai take yi kafaɗa da kafaɗa da saurayi, shi yake yin komai."

Da Auta ta dawo gida, ta tarar da fuskar Baba babu annuri.

"Karatu na tura ki ko zaman zance?"

"Baba, wallahi ina koyo..."

"Gani ya kori ji. Ranar da za ku nuna aikinku zan zo da ƙafata. In na ga hannunki ya iya, ki ci gaba, yaron ma zan saurare shi. In ba haka ba, ki dawo shago ki riƙa sa mini maɓalli."

Manhajar da suka haɗa ta shagon ce ma: a sa sunan mutum da awonsa, ta faɗi yadin da rigarsa za ta ci. Ranar nuni Auta ce a kan kibod. Baba ya tsaya bayanta, komai na tafiya lafiya, har ya ɗan gyaɗa kai.

"To sa mini sabon mutum," in ji shi, "wanda ban gwada shi ba tukuna. Mu ga me za ta ce."

Halin yaren ke nan, ba ya tsare ka da tambaya tun farko. Kuskure yana nan kwance lamo har ranar da aka taka layinsa. Wurin awon babu komai, manhajar ta aika saƙon lissafi ga "babu", ita "babu" kuwa ba ta iya lissafi ba. Jan rubutu ya cika fuskar kwamfuta.



Ta gane matsalar. Wallahi ta gane! Layi ɗaya ne, a fara tambaya ko akwai awo kafin a lissafa. Numfashi kawai take ja, yatsunta su daina rawa...

Sai ji ta yi kibod ya bar ƙarƙashin hannunta.

Gaggawa ya janye shi gabansa. Ƙwas-ƙwas-ƙwas, kafin ƙiftawar ido ya gyara, ya juyo yana murmushi kamar wanda ya ceto ta daga rijiya. Hannayenta suna nan a sama, babu komai ƙarƙashinsu. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Na ga abin da na zo gani," in ji Baba. "Tashi mu tafi."

Gaggawa ya yi sintiri a ƙofar gidansu har ya gaji, Yayanta yana sallamarsa, ita ma ta ƙi leƙowa. Daga baya ta ji ya samu aiki a wani gari mai nisa. 'Yar Kwalisa ma ba ta same shi ba, ta yi biyu babu. Auta ta sa maɓalli da rana, da dare ta koyi sauran yaren ita kaɗai a tsohuwar kwamfutar Yaya, har tsufa ya kama Malam ya damƙa mata ajin. Masu nema sun zo, ta ce ba yanzu ba. Kewarsa kuwa ba ta taɓa barinta ba, ko da take jin haushinsa.

Yanzu ga shi, ɗalibai sun watse, daga ita sai shi.

"Me ya kawo ka?"

"Na dawo gari. Na zo gaida Malam, aka ce ke ce Malam ɗin."

"To ka gani. Sai anjima."

"Auta..."

"Kar ka kira ni!" Hawaye suka zubo mata. "Na san amsar! Ka ji? Na san ta! Da ka jira ni ko na numfashi ɗaya..."

"Na sani, farin cikina. Ganin hannunki na rawa ne na kasa jurewa. Na ɗauka taimako ne." Ya cire gilashin yana gogewa da bakin riga. "Kullum aka haɗa ni aiki da wani, in ya yi shiru yana tunani, ke nake tunawa."

"Matarka fa? Ta san kana nan?"

"Wace ce za ta iya zama da ni? Ke kaɗai ce mai birkin."

Dariya ta kusa kufce mata cikin kukan, ta danne.

Ya miƙe zumbur. "Yanzun nan zan je wurin Baba. Zan yi masa bayanin komai, in ce laifina ne, in ce ke ce..."

"Ka ga halin, ko? Za ka sake yi mini!"

Ya tsaya cak.

Ta share fuska, ta ɗauki jakarta. "Biyo ni. Kuma kar in ji bakinka."

Shagon yana nan yadda yake, ƙyallaye zube a ƙasa, rediyo na gunaguni a lungu. Baba ya tsufa, sai ya sa tabarau yake zura zare. Ya ɗago ya dube su, ƙafarsa ta tsaya a kan keken.

Ta durƙusa. 

"Baba, ranar nan na iya. Ban samu damar nunawa ba ne. Kuma... wannan shi nake so. Tun lokacin shi nake so, ban taɓa son wani ba."

Baba ya cire tabarau ya dube ta.

"Ke kina tsammani ban san kin iya ba? Ni da na ga inda idonki ya tsaya?" Ya ajiye allurar. "Abin da ya tayar da ni, an karɓe abu a hannun 'yata ina kallo, ta yi shiru. Na ce in haka za ta zauna a gidansa, gara ta zauna a nawa."

"Baba..."

"Na daɗe ina jiran ki buɗe baki, Auta. Har na fara tsoron ba zan ji ba."

Ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Gaggawa na tsaye, leɓɓansa na motsi, ya danne su da ƙyar.

Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya zaro magwajin da ke rataye a wuyansa.

"Kai, matso nan. Buɗe hannuwanka. Rigar angon 'yata ba wani tela ne zai ɗinka ta ba, kuma ka sani, ni ba na aikin gaggawa."