Hancin Baba

"Tashi ka fitar min daga gida!"

Saura ƙiris tiren shayi ya suɓuce daga hannuna. Ko gama zama Mai Magani, kamar yadda nake kiran saurayina, bai yi ba a falon Baba, kuma ranar ce ya fara zuwa gaishe shi a kan maganar aurenmu.

"Baba... me ya yi?"

"Ke Auta, rufe min baki! Mashayin wiwi kika kwaso min?"

Nan take na gane. Baba ya yi duk rayuwar aikinsa a hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ya yi ritaya, amma hancinsa bai yi ba. Duk wanda ya ba shi hannu, sai ya kai nasa hannun hanci kamar mai gyaran gashin baki. Mai gyaran famfo, maƙwabci, direban da ke kai Umma asibiti, ba wanda ya tsira. Ni kuwa uwar iya shiri, na zaɓa wa Mai Magani riga, na koya masa zama, na hana shi dariyar nan tasa mai cika ɗaki, amma na manta da hannu. Daga wurin aiki ya taho kai tsaye don kada ya makara.

"Ranka ya daɗe, wallahi ban taɓa sha ba," in ji shi yana durƙushe. "Magani nake haɗawa a asibiti. Akwai wani mai da ake tacewa daga ganyen, shi na ɗura a kwalabe yau, ya ɗan zube min. Likita ne ke rubuta shi, da izinin hukuma, ga masu ciwo mai tsanani kawai."

Baba ya ƙura masa ido. "Au! Na gane muryar. Kai ne na rediyo, mai cewa a sassauta doka?"

"Don marasa lafiya na ce, Baba. Ban ce a baza shi a titi ba."

"Haka ake farawa! Yau kwalba, gobe lungu. Na sa wa masu farar riga irinka ankwa da hannuna. Ka je, ba ni da 'yar ba ka!"

Na bi shi har bakin ƙofa, ko takalmi babu.

"Me ya hana ka yin shiru? Ka ce turare ne mana, ka ce komai!"

"In shiga gidanku da ƙarya, Rigimammiya?"

"To ga gaskiya nan ta kore ka! Ka ji daɗi?"

"Ba inda za ni, masoyiyata. Ki bi umarninsa. Ni ina nan bayan tagar nan tawa ta ba da magani, kin san wurin."

Na so in tsani Baba a ranar, amma na kasa, saboda na san inda ke masa ciwo. Yana ɗakin baya, sunansa Yaya.

Yaya shi ne ɗansa namiji tilo, wanda malamai ke cewa injiniya zai zama. Baba ya shekara da shekaru yana sunsunar hannun 'ya'yan mutane, sai a ƙarshe ya ji warin a yatsun nasa ɗan, lokacin da abu ya riga ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Yaya ya daɗe da dainawa, yana shan maganin asibiti, yana gyaran tsofaffin rediyo a ɗakinsa. Sai ya wuni bai furta kalma ba. Shi da Baba kuwa gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

Ga kuma Umma. Ciwon daji ya kwantar da ita, maganin da ake ƙara mata a jijiya ya hana cikinta riƙe komai. An gwada wannan, an gwada wancan, amai bai tsaya ba. Likitanta, wata dattijuwa mai haƙuri, ta kawo maganar man ganyen wiwin nan, ta ce a gwada ko za a dace.

Umma ta girgiza kai. "Babanku zai ji warinsa a bakina. Abin da ya gani ya ishe shi, ba zan ƙara masa ba."

"Umma, jikinki ne fa!"

"Mijina ne kuma, Auta."

Na daina ɗaga wayar Mai Magani kamar yadda Baba ya ce. Sai dai duk ranar karɓar magungunan Umma, dole in tsaya a layin tagarsa. Ya miƙo min leda, idanunsa sun faɗa, ya ce, "Wannan bayan ta ci abinci."

"Wane abincin?" na ce, hawaye ya ɓalle min a gaban mutane.

"Ki yi haƙuri, zuciyata..."

"Kar ka kira ni haka, ka ji ko? Ina ƙoƙarin in manta da kai, kana lalata min aiki!"

Wata tsohuwa a bayana ta ce, "'Yar nan, in kun gama soyayyar a ba mu wuri." Na kwashi ledata na gudu, ina kuka ina jin kunya.

Wata safiya Baba ya zauna a bakin gadon Umma yana ba ta shayi da cokali. Ta haɗiye, ya dawo. Ya tara mata kwano, ya goge mata baki. Zoben aurenta ya zame daga yatsarta ya faɗa kan zanin gado saboda rama.

Sai muka ji murya daga bakin ƙofa.

"Baba."

Yaya ne, da sukudireba a hannu. Na manta rabon da in ji ya fara yi wa Baba magana.

"Saboda ni ne ko?"

"Koma ɗakinka."

"Ni na je lungu da ƙafata, Baba. Ba likita ya aike ni ba. Ba wanda ya auna min, ba wanda ya ce ya isa haka." Ya matso ciki. "Na riga na cinye maka ɗa. Kar ka sa in cinye wa Umma abincinta... in cinye wa Auta mijinta. Ba zan iya ɗauka ba, wallahi ba zan iya ba!"

Umma ta miƙa masa hannu, ya zo ya durƙusa ya kifa kansa a kan katifa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Baba ya daɗe yana kallon zoben nan. Ya ɗauka ya sa a aljihu, ya dubi Umma.

"Kina so?"

"In ba zai ɓata maka rai ba..."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Ta lumshe ido. "Ina jin yunwa, Baban yara."

"Auta, ɗauko min hulata."

Shi da kansa ya ga likita, shi da kansa ya shiga layi, ina biye da shi. Da ya iso taga, Mai Magani ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"A ina kuke ajiye shi?" Baba ya tambaya da muryarsa ta wurin aiki.

"A akwatin ƙarfe, ranka ya daɗe. Makulli biyu ne, ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun shugabarmu. Mutum ɗaya ba ya buɗewa."

"In yaro ya zo da takardar bogi fa?"

"Sai na kira likitan da bakina kafin in bayar."

"Zai warkar da ita?"

A raina ina roƙonsa, ka ce e, don Allah sau ɗaya a rayuwarka ka ce e!

"A'a, Baba. Ba ya warkar da ciwon. Zai iya rage mata amai da zafi, wataƙila ta ci abinci. Wasu ma ba ya karɓar su. In ya sa ta jiri ko ruɗewa, a tsaya a kira likita."

Na ce shi ke nan, wannan mutumin gaskiya za ta kashe ni da shi. Baba ya karɓi kwalbar muka fita. Sai a mota ya yi magana, kamar da kansa yake yi. "Duk dillalin da na taɓa kamawa, cewa yake kayansa maganin komai ne."

A durowarsa ya kulle kwalbar, makullin a wuyansa. Shi ke ɗiga wa Umma a ƙarƙashin harshe, da tabarau a hanci, yana ƙirgawa da ƙarfi. Ba wani abin mamaki da ya faru, ciwon yana nan. Amma shayi ya fara zama. Ranar da ta ce a ƙaro mata burodi, Yaya ne ya ruga kanti, ni kuma na shiga kicin na yi kuka mai isata.

Umma ce ta ce tana son ganin "yaron nan".

Ya zo da yamma, sai ƙamshin sabulu yake. Hannayensa har sun yi ja don wanki. Umma na zaune a falo cikin matasai, Yaya na tsaye jikin ƙofa, ni kuma na ƙi ɗaukar tire ko kusa.

Baba ya miƙa masa hannu. Suka gaisa.

Na ga hannun Baba ya ɗago, ya nufi gashin baki yadda ya saba. Hannun ya kai rabi, ya tsaya a iska... sai ya juya ya sauka a kafaɗar Mai Magani.

"Har yanzu ban yarda da maganarka ta rediyo ba."

"Na sani, Baba."

"In aka buɗe ƙofar nan, 'ya'yan mutane ne za su faɗa. Za mu ci gaba da musu, ni da kai."

"Ko kullum ne, ranka ya daɗe."

"To ka turo manyanka, kar a ja lokaci." Ya dubi Umma. "Uwarta na son ta gani da idonta."

Mai Magani ya fashe da dariyar nan da na hana shi, hawaye na bin kumatunsa. Umma ta buɗe min hannuwa na faɗa jikinta.

Baba kuwa ya juya wajen ƙofa, ya miƙa wa Yaya hannu. Yaya ya tsaya yana kallon hannun, sannan ya kama. Baba bai kai hanci ba. Bai ma sake shi ba.