Keken Ladiyo Mai Jan Fenti

An yi wani mutum a wani gari, mai son a yaba masa. Da 'yarsa Ladiyo ta fara tsayuwa, sai ya sa kafinta ya yi mata keken koyon tafiya, mai ƙafa uku, da jan fenti, har da 'yar ƙararrawa. Ya ɗauko shi a ka, ya ratsa kasuwa don kowa ya gani.

Da ya isa gida, Ladiyo ta miƙo hannu duk koko. Ya yi wuf ya rataye keken a bango.

Matarsa ta ce, "Malam, ba dominta aka yi ba?"

Ya ce, "Bari ta ƙara wayo, kada fentin ya goge."

Damina ta faɗi, ya ce, "Bari ƙasa ta bushe, kada fentin ya goge." In baƙi sun zo, sai ya sauke keken, ya kaɗa musu ƙararrawa, su yaba, ya mayar. Ladiyo kuwa ta dafa turmi, ta dafa bango, har bayan akuya ta dafa.

Ran nan ya ga lokaci ya yi. Ya sauke keken, ya kaɗe ƙura, ya ce, "Ladiyo, zo ki koyi tafiya!"

Ta sheƙo a guje daga zaure, ta dubi keken, ta ce, "Baba, wa ya haihu?"

Kada ku tambaye ni sunan mutumin nan. Keken dai yana ɗakina har yau, fentinsa ko ƙwarzane babu.