Mataccen Ƙwan Fitilar Na'ibi

Na'ibi ne ya ba ni wannan labari da bakinsa bayan ya tsufa, kuma har ya gama bai ɗago ya dube ni ba.

Bahaushen Sudan ne. A shekarun da lantarki ke shiga gidajen Jidda, yana shara a wani masaukin alhazai kusa da Bab Makka. Duk ƙwan fitilar da ya mutu shi ake ba ya zubar, shi kuwa sai ya adana.

Ya san ƙwai kamar yunwar cikinsa. Gilashi ne da gindin tagulla, an zuƙe iskar ciki an toshe. A tsakiya akwai waya siririya kamar gashi. Wuta ta bi ta cikinta, ta yi zafi har ta yi fari, hasken ke nan. Ranar da ta tsinke, ƙwai ya mutu. To, Na'ibi ya gano in ka ɗaura mataccen ka kunna, ka ƙwanƙwasa da farce har bakunan wayar suka taɓa juna, sai su manne. Ya haska har ya fi sabo. Kwana uku ko huɗu, ya ɗauke ba sallama. Irinsu yake gogewa, ya sa a kwali, ya sayar a bakin kasuwa.

Wata rana dab da magariba yana tattara kaya, wata tsohuwa mai baƙin lulluɓi ta tsaya a kansa. Hausa ta yi masa irin ta kakanni, babu Larabci ko kalma ɗaya. Ta ɗauki ƙwai, ta ce hannunta ba ya kaiwa, ya taimaka ya ɗaura mata.

"Yalla, Hajiya, mu je."

Suka shiga lungunan tsohon gari. Ƙamshin soyayyen kifi da gahawa ya baro su a baya, sai warin danshi da tsohuwar toka. Aka kira salla. Muryar ladan ta zo masa kamar daga cikin rijiya.

Ɗakin duhu ne. Ta tura masa kujera ya hau, ya laluba, ya murɗa ƙwan.

Haske ya kawo.

Ya ɗaga kai. Babu wayar lantarki. Igiyar kaba ce kawai ɗaure a itacen rufi.

Ya dubi ƙasa. Mutane zaune a jere, kowa ya fuskanci bango. A tsakiya ga wata jaririya kwance rub da ciki a tabarma, fatar bayanta duk ta saluɓe. Duk ɗakin ba mai inuwa sai shi.

"Muddin yana ci, ba za su juyo ba," in ji tsohuwar a hankali. "Ai sabo ne ko, ɗana?"

Ƙafafunsa suka ɗauki rawa, kujerar ta ɗauka, igiyar ta ɗauka. Ya san girgiza kaɗan za ta raba wayar cikin ƙwan. Ya kama ƙwan da yatsu uku don ya tsaya. Gilashin ya fara cin fatarsa.

Cikin raɗa tsohuwar ta gaya masa jaririyar jikarta ce. A unguwar Bani Malik abin ya faru, a madafar Mastura matar Bawa, maƙwabtan Na'ibi. Mastura ta sauke tukunyar tafasasshen ruwa, fitila ta ɗauke, ta yi tuntuɓe, ruwan ya sami jaririyar a kusurwa. Tun ranar suka riƙe ƙafafun Mastura.

Wata huɗu ke nan ba ta taka ƙasa. Na'ibi ya sani. Shi ya sayar mata da ƙwan. Sau biyu yana zuwa dubiya, ya zauna a tabarmar Bawa yana cewa Allah ya sawwaƙe.

"Ta ce mana sabo ta saya. Mu ba ma son zalunci. Shi ya sa muke tambayarka."

Ƙwan ya fara ƙara, zizz, kamar sauro.

Hasken ya lumshe, ya dawo.

Wuyan ɗaya daga cikinsu ya fara juyowa, yana ƙara kamar tsohon ƙyaure.

"Matacce ne," Na'ibi ya ce. "Ni na goge shi. Ku sake ta. Ni ne."

Tas.

Duhu.

Numfashi mai ɗumi ya sauka a idon sawunsa. Ya yi tsalle, Ayatul Kursiyyu na sarƙe masa a baki. Kafaɗarsa ta bugi ƙofa. Bai tsaya ba sai da ya faɗa cikin masu fitowa daga masallaci a Bab Makka, ba takalmi.

Da safe ya je ƙofar Bawa, hannu a naɗe da tsumma, ya faɗi komai a tsaye, maƙwabta na ji. Bawa ya saurara har ƙarshe, ya ce halas, shi ke nan, ya rufe ƙofarsa. Kafin mako ya zagayo Mastura ta miƙe.

Daga nan duk ƙwan da ya mutu sai Na'ibi ya farfasa shi da dutse kafin ya zubar. Bawa bai sake yi masa magana ba. Mastura kuwa, kowane azumi sai ta aiko masa da kunu, har Allah ya karɓi ranta.

Ya ce da ni, da zagi ta riƙa aikowa, da ya fi masa sauƙin haɗiya.