Ranar da Layi Ya Yanke

Sufeto yana shan shayin da ya riga ya huce aka bugo cewa mai wani kamfanin kwamfuta ya faɗo daga bene ya mutu. Bai yi sauri ba. Aikin nan ya daɗe da cinye masa firgita.

Gawar tana ƙasan matattakala, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ko faɗowa ya yi ko turo shi aka yi, kyamarar da ke saman ƙofa ta gani.

"Saje, kawo min hoton kyamarar nan."

"Babu, yallaɓai. Wai na'urar da ke ajiye shi ta goge kanta."

"To, yau kuma na'ura za mu ɗaure."

Ɗakin na'urorin sanyi ƙalau, sai gurnanin fankoki. Injiniyar kamfanin, wadda shigowarta ke nan daga kai ɗanta asibiti, ta yi bayani idanunta jawur. Kowace babbar na'ura tana goye da ƙananan kwamfutoci a cikinta, ta kyamara ɗaya ce daga ciki. In an kawo sabuwa, ba mai zama ya girka mata manhaja. A jona waya kawai, ita za ta nemi manhajar ta layin intanet, ta share kanta tas, ta girka.

"Tsohuwa fa, Malama?"

"Sai an yi mata alamar sabuwa, an sake kunna ta."

"Wa ke iya hakan?"

"Ni, da marigayi, da ƙaninsa."

Ƙanin yana ofis, rigarsa a goge, hannayensa a kan tebur kamar ba nasa ba.

"Ni ne, yallaɓai, kuskure ne. Daga gida nake aiki yau, sai da abin ya faru na zo. Wata na'urar na nufa, na taɓa wannan. Ina falo da hantsi ina kallonta a kwamfutata, ta sauko da manhaja lafiya lau."

Amsar ta yi kyau, har kyan ya yi yawa. Sufeto ya fita shan iska.

A bakin titi ma'aikata suna zaune gefen wani rami, ga baƙar waya mai kauri a tsinke. Direban motar haƙa ya ce tun da sassafe ya yi ɓarnar, kuma ya sha zagin duk maƙwabta, ban da na kamfanin nan.

Sufeto ya koma wurin injiniya. Ta gwada intanet, shiru.

"Ba layi tun safe, Malama. Daga ina na'urar ta samo manhaja?"

Ta nuna wani ƙaramin akwati a ƙasan wata kanta. "Wannan yana riƙe kwafi, don kada kullum a jawo daga waje. Wanda ke cikin ginin nan ba zai ma san layi ya yanke ba."

"Wanda ke gida fa?"

Ta dubi akwatin. "Ba ta inda zai shigo na'urar."

Sufeto bai ji daɗi ba, bai ji baƙin ciki ba. Ya hau bene, ya ja kujera ya zauna gaban ƙanin.

"Layinku a tsinke yake tun sassafe, ba daga gida ka taɓa na'urar nan ba. Ka fita ka ga ramin."

Ƙanin bai fita ba. Ya ɗan yi murmushin da ba na komai ba.

"Akwatin nan ni na haɗa shi. Yaya cewa ya yi ɓata lokaci ne."

"Me ya faru a matattakala?"

"Ya ce daga gobe zai cire ni daga ɗakin na'urori, in koma jan waya kamar ɗan koyo. Yana faɗa yana sauka, ko waiwaye bai yi ba. Na sa hannu a bayansa." Ya dubi tafin nasa. "Ban ji komai ba, yallaɓai. Har yanzu jira nake in ji."

Saje ya sa masa ankwa. Suna kaiwa ƙofa wayar ƙanin ta ɗauki ƙara a kan tebur, Sufeto ya leƙa.

"Mahaifiyarku ce."

"Yaya take nema. In bai ɗauka ba, ni take kira in haɗa su."

Ba wanda ya taɓa wayar. Suka sauka ta gefen bango, tana ta ƙara a bayansu.