Mamu a Kan Ƙanƙara

Tun a motar da ta ɗauko shi da abokansa daga unguwarsu ta Hulme a ƙasar Turawa, Abdulsalami bai yarda da tafiyar nan ba. Direba ya ce tun da council, wato ƙaramar hukumar yankin, ta rage ma'aikata, babu mai gyara hanyar wasan sulun ƙanƙara a kan dutsen da za su je. Amma da suka isa, sai ga ta a share tsaf, layi biyu santala-santala cikin dusar ƙanƙara.

"Wa ya gyara?" ya tambayi Nuru, abokin karatunsa.

"Kai dai ka cika zargi. Ɗaura katakon sulunka a ƙafa mu tafi."

Da la'asar ta yi, ya bari suka yi gaba, ya kwance katakon sulunsa, ya ta da salla. A raka'a ta biyu aka taɓa masa kafaɗa, yadda ake yi a gida in mutum zai bi ka jam'i. Ya ɗauka Nuru ne. Sai dai bai ji tahowar kowa ba, kuma sanyin yatsun ya ratsa rigunansa uku.

Da ya sallame, sai ga dattijo cikin farar riga shara-shara.

"Allah ya karɓa, ɗan Rahmatu," in ji shi. "Kullum ina gyaran hanya, ban taɓa samun liman ba sai yau. Zauna, magariba ta kusa."

Babu wanda ya san sunan mahaifiyarsa a ƙasar nan. Abdulsalami ya sunkuyar da kai. Ga gurbin goshinsa da gwiwoyinsa a ƙanƙara. A damarsa kuwa, inda dattijon ya yi sujada, ko ƙwarzane babu.